Layi Biyu a Ƙasan Takardar Sakamako

Duk ƙarshen zangon karatu takarda biyu ce ke biyo ɗalibin sakandare gida: takardar sakamako, da wasiƙar shugaban makaranta zuwa ga iyaye. Wasiƙar ba kasafai ake karanta ta ba, in an ga ranar komawa da kuɗin zango mai zuwa shi ke nan. Sakamakon kuwa wuri ɗaya ido ke faɗawa, wato gurbin da aka rubuta matsayin yaro a aji. In ya zo na uku gida ya cika da murna, in na talatin ne a ɗaure masa fuska har hutu ya ƙare. Can ƙasa akwai wani ɗan fili, layi biyu ko uku, inda malamin aji ke rubuta ra'ayinsa. A ganina wannan ɗan filin ya fi duk sauran takardar nauyi, kuma a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta Katolika, inda na yi shekaru ina koyar da lissafi, aka nuna mini haka.

Ni Musulmi ne, kuma ba ni kaɗai ba ne a cikin malaman. A ɗalibai ma akwai 'ya'yan Musulmi da dama. Wanda ya san Arewa ba zai yi mamaki ba. Tun 1948 sistocin St. Louis suka iso Kano daga ƙasar Ayalan, makarantarsu kuma tana nan a Bompai. A Kaduna limaman Katolika suka buɗe St. John's College a 1949, wadda gwamnati ta karɓa a farkon shekarun 1970, bayan yaƙin basasa, ta koma Rimi College, kamar yadda Queen of Apostles ta Kakuri ta koma Queen Amina College. Kakanninmu sun yi ɗari-ɗari da makarantun mishan, kuma suna da dalilinsu, domin addinin 'ya'yansu suke karewa. Amma a hankali iyaye da yawa suka riƙa kai 'ya'yansu, saboda sun ga ana shiga aji a kan lokaci, ana duba aikin gida, ana sanin yaro da sunansa. A inda na koyar, da tsakar rana ƙararrawa kan kaɗa, ɗalibai Katolika su tsaya cak su yi addu'arsu, in azahar ta yi kuma mu da 'yan matanmu mu nufi ɗakin da aka ware mana.

Makon ƙarshe na zangon farko shi ne mafi wuya. Disamba ce, hunturu ya kankama, leɓe ya tsage, ƙura ta kwanta a kan kowane tebur. Daga ɗakin taro kana jiyo 'yan mata suna gwajin waƙoƙin Kirsimeti, mu kuma muna ɗakin malamai da jan biro, kowa da tulin takardun jarrabawa a gabansa. A haɗa makin gwaje-gwajen tsakiyar zango da na babbar jarrabawa, a shigar a babbar takarda mai layuka, a tara, a raba, a jera daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Kafin malami ya iso wancan ɗan filin na ƙasa ya gaji tiɓis, shi ya sa a yawancin makarantu abu ɗaya za ka gani an maimaita wa kowa: ta yi ƙoƙari, ko ta ƙara ƙoƙari.

Shugabarmu, wata sista ce mai ɗan shekaru wadda ta ji Hausa sosai, ba ta sa hannu a kan irin wannan. Tun a zangona na farko ta kira ni ofis ta ce, "Malam, abu biyu nake so a layin nan. Ka faɗi abin da yarinyar ta iya yanzu wanda ba ta iya ba lokacin da aka dawo hutu. Sannan ka faɗi abu ɗaya tak da za ta yi aiki a kansa a gida." Duk takardar da ta zo mata ba haka ba, da ita za ka koma.

A baki abin da sauƙi. Sai ka zauna da takardar yarinya ta sama da talatin a gabanka sannan ka gane girman abin da aka ɗora maka. Ba za ka iya faɗin abin da ta koya ba sai in ka san inda ta faro. Ba za ka san inda ta faro ba sai in tun makon farko ka lura da ita, ka ajiye wani abu a rubuce. Ashe dokar Sista tun watan Satumba ta fara aiki a kanka. Ita ce ta sa na buɗe wani kundi, kowace yarinya da shafinta, ina ɗan rubuta abin da na gani: wannan tana tsoron allo, wannan ta iya lissafin ka amma rubutu na ba ta wuya, waccan takan kwafi ta kusa da ita.

Akwai wata 'yar aji ɗaya da ba na mantawa. Daga wata firamaren gwamnati ta zo, shiru-shiru, tana zama kusa da taga. In aka zo lissafin ɓangarori sai ta daskare. Ka ce ta haɗa rabi da kwata a takarda, sai ta tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ta kawo maka biyu bisa shida. Wata rana a hira ta ce mini babanta tela ne, kuma takan riƙe masa tef in yana awo. Washegari na aro tef ɗin tela na shigo da shi aji. Na ce mata, "Yarinyata, nuna mini inci biyu da rabi." Ta ɗora yatsa nan take. Na ce ta ƙara kwata uku. Ta ja yatsan a kan ƙananan layukan, leɓenta na motsi, ta ce, "Uku da kwata, Malam." Daidai ne. Tana da lissafin a yatsunta tuntuni, takarda ce kawai ta zo mata da shi a baƙuwar kama. Daga ranar muka riƙa farawa da tef mu ƙare a takarda, har tef ɗin ya daina zama dole.

Duk da haka a ƙarshen zango tana cikin na ƙasa a jeri, domin Turanci na ja mata baya a sauran darussa. Ranar karɓar sakamako baban ya zo da kansa, da zare maƙale a hannun rigarsa. Ya dubi lambar, fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Malam, gaya mini gaskiya, ta ci ko ta faɗi? Kuɗin nan da ƙyar nake haɗa shi." Ban ba shi amsa da baki ba tukuna. Na ɗauko littafin aikinta, na buɗe masa shafukan Satumba da jan biro ya cika, na juya zuwa na Disamba. Sannan na karanta masa abin da na rubuta a ƙasa: yanzu tana haɗa ɓangarori tana ragewa ba tare da taimako ba, a hutu kuma ta riƙa karanta shafi ɗaya na Turanci da ƙarfi kowace rana. Na ƙara da cewa da tef irin nasa ta koya. Ya yi shiru, ya sake duban littafin, ya juya wurinta ya ce, "Ke, ashe kina kallo lokacin da nake awo?" Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Da lamba kaɗai aka ba mutumin nan, ina kyautata zaton da bai dawo da ita ba a Janairu.

Rubuta wa ta ƙasa ya fi rubuta wa ta sama sauƙi. Akwai wata a babban aji da kullum ita ce ta ɗaya. Allah ya ba ta ƙwaƙwalwar hadda, duk misalin da ka yi a allo za ta dawo maka da shi ba ragi ba ƙari. Amma in ka juya tambayar kaɗan, ka ba ta amsa ka ce ta nemo mafari, sai ta tsaya. Na rubuta cewa ta ƙware a bin ƙa'ida, abin da ya rage shi ne ta iya bayyana dalilin kowane mataki, kuma a hutu ta koya wa ƙanwarta darasi ɗaya da bakinta. Mahaifiyarta ba ta ji daɗi ba. Ta ce, "Haba Malam, yarinya ta zo ta ɗaya, me kuma ake nema a wurinta?" Na ce, "Mama, ta ɗaya ce a cikin waɗannan 'yan ajin. Gaba za ta shiga ɗakin jarrabawa da ɗaliban ƙasa baki ɗaya, kuma tambayar ba za ta zo da kamar da ta haddace ba." Sista ta sa hannu ba ta canza ko harafi ɗaya ba.

Ba ina cewa a yar da jarrabawa ba ne. WAEC tana nan tun 1952, NECO tun 1999, kuma duk ɗalibin da ke son jami'a sai ya samu kiredit biyar har da Turanci, sannan ya fuskanci JAMB. Malamin da ya ɓoye wa iyaye cewa makin ɗansu ba zai kai C6 ba ya ci amanarsu. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da lamba ita ce komai. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin auna ɗalibi a kai a kai tsawon zango, domin kada makomar yaro ta rataya a kan sa'o'i biyu na rana ɗaya. Mu kuma a makarantu muka mayar da shi ƙananan jarrabawoyi biyu ko uku da ake tarawa da babbar, aka koma gidan jiya. Inda lamba ta zama komai kuwa, satar amsa ba ta da nisa. Uban da ke biyan kuɗi a kai ɗansa cibiyar da ake rubuta wa yara amsa a allo, tun yaron yana aji ɗaya aka koya masa cewa lamba ake nema, ba wanda ya taɓa nuna masa shafin Satumba da na Disamba.

Wasiƙar ƙarshen zango ma Sista ba ta ɗauke ta da wasa ba. Ban da ranar komawa da kuɗi, takan sa kowane malami ya ba da jimla biyu a kan abin da ajinsa ya kammala da abin da bai kai gare shi ba. In ba mu gama manhaja ba, haka za a rubuta, iyaye su gani. Sai labarin waɗanda suka yi nasara a muhawara da kacici-kacici, da ta'aziyya ga duk yarinyar da ta yi rashi a zangon, Musulma ko Kirista. A zango na biyu, wanda yakan haɗu da azumin Kirista na kwana arba'in kafin Ista, takan ba da rahoton abin da ɗalibai suka tara suka kai gidan marayu, har adadin kwanon shinkafa. Tana son yarinya ta ga cewa an ƙidaya wannan ma a cikin abin da ta yi a zangon.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa yarda da shi ba a makarantar, kuma na faɗa a taron malamai. Duk wadda ba a gama biya mata kuɗi ba, ofishin kuɗi kan riƙe sakamakonta. Na san makaranta tana da albashi da za ta biya, da dizal, da gyaran rufi, kuma ba ta samun tallafin gwamnati. Amma ka tsaya ka ga yarinya 'yar shekara goma sha biyu tana kallon ƙawayenta suna buɗe takardunsu, ita hannunta wayam, kan bashin da ba ita ta ci ba. Sau da yawa ma ita ce ta fi kowa bukatar waɗannan layuka biyu. Makarantun mishan sun yi suna ne da ɗauko ɗan talaka daga ƙauye su mai da shi likita ko alƙali, yau kuwa kuɗin da yawa daga cikinsu ya fi ƙarfin irin wancan telan. Ban yi nasarar sauya dokar ba. Abin da aka amince mini shi ne in riƙa kwafe ra'ayina a wata 'yar takarda daban in ba yarinyar a hannu.

Yanzu a makarantar gwamnati nake, inda aji ɗaya kan ninka wancan, wasu a kan benci wasu a ƙasa. Ba zai yiwu in san kowa yadda Sista ke so ba, kuma ba na zargin abokan aikina da ke rubuta "ƙara ƙoƙari" da ƙarfe goma na dare. Abin da nake yi shi ne in raba ajin uku. Kowane zango in sa ido a kan kashi ɗaya, in buɗe musu shafi a kundi, su nake rubuta wa cikakken bayani, ta yadda kafin Yuli kowane yaro ya samu sau ɗaya. Da na ƙasan jeri nake farawa a zangon farko, domin su ne aka fi cirewa daga makaranta bayan hutun Disamba.