A sauke inji ko a sallama shi?

Jama'a, yau kwana tara ke nan mashin ɗina yana jingine a zaure. Kullum in zan fita sallar asuba sai na ɗan tsaya a kansa, kamar mai dubiyar mara lafiya.

Boksa ne. Sabo na saye shi a 2012, kuɗin da na ƙirga bai kai naira dubu 150 ba. Waccan Asabar ɗin na tashi daga Gwandu zan je suna gidan ƙanwata a Kalgo, na bi ta Aliero da Jega don ina da saƙon da zan ajiye. Tun daga Jega na ji ƙarfinsa ya ragu, in ba shi wuta sai gurnani, tafiyar kuwa ta jaki. Can sai wata ƙara ta taso daga cikin inji, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar yaro na buga langa da cokali. Ina hango Kalgo ya mutu. Na buga kik har babbar rigata ta jiƙe. Da turi na shiga gari, hula a aljihu, ragon suna kuwa an riga an feɗe.

Bakaniken da na samu a bakin hanya matashi ne, hannunsa da sauri. Ya kwance fulogi, ya nuna mini shi baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Ya toshe ramin da babban yatsa, ya sa yaronsa ya buga kik, iskar ko ture yatsan ba ta yi ba. Ya ce, "Malam, wanga inji ya gaji. Ka sai da shi ka huta. In kana so ma akwai mai saye." Ban ce ya cuce ni ba, amma saurin da mai sayen nan ya bayyana shi ya sa na nemi mota aka ɗoro mini abina zuwa gida.

Namu na Gwandu, wanda ya san mashin ɗin tun ledar kujerarsa ba ta fita ba, bai ko taɓa sifana ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Malam, yaushe rabonka da juye baƙin mai?" Na yi shiru, shi ma ya yi shiru, yaran gareji suka sunkuyar da kai.

To bari in tona wa kaina asiri. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haye 500, daga baya ta zarce 1,000, duk kuɗin da na ware wa mashin tanki ke cinye shi. Baƙin mai na daina juyewa, sai ciko, shi ma na kwalba da ake aunawa a bakin titi. Soson da ke tace iska ya yage tun hunturun bara waccan, na cusa tsumma na ce sai an yi albashi. An yi albashi ya fi sau ashirin.

Bakaniken namu ya zaunar da ni ya yi mini karatun. Ƙurar hunturu in ta samu hanya ta shiga inji, sai ta gauraya da mai ta koma kamar yashi, ta riƙa cin ringi da bangon bulok a hankali. In suka cinye, baƙin mai ya haura sama ya ƙone tare da fetur. Shi ne shuɗin hayaƙin da na shafe watanni ina gani a salansa ina kawar da kai. Injin da duk man cikinsa bai wuce kimanin lita ɗaya ba, in yana shanye shi kullum, wata rana ƙasa za ta bushe. Waccan ƙarar da na ji, in ji shi, daga ƙasan take, wajen kwanrod. Ciwon sama mai sauƙi ne, a yi wa bulok borin a sa fistin da ringi masu ɗan girma. Na ƙasa shi ne sai an raba inji biyu kafin a san iyakarsa.

Yaya ya ce in sayar in cika in sayi sabo. Na ce, Yaya, in cika da me? Sabon Boksa ya haura miliyan ɗaya. Daga Indiya kayansa ke zuwa, da dala ake shigo da su, dalar da take wajen naira 160 shekarar da na sayi nawa ta wuce 1,500 a 2024. Mafi ƙarancin albashi a Kebbi naira dubu 75 ne tun ƙarshen 2024. Ko mai wannan albashi ya ɗaure ciki shekara guda cur, bai ci ba bai sha ba, kuɗin bai kai ba. Na hannu fa? Mafi yawan waɗanda ake kawowa kasuwa sun gama kabu-kabu, ko sun yi shekaru suna dakon buhunan albasa daga Aliero da shanshera daga fadama, an wanke, an fesa fenti. Nawa aƙalla na san ciwonsa, tunda ni na sa masa.

Uwargida ce ta fi ba ni wahala, don ita da lissafi ta zo. Ta ce, "Malam, ka tara abin da ka kashe masa a shekara biyun nan." Fulogi yau, kafireta gobe, ga ringin da na sa aka canza bara, na zaɓi mai araha da bakina, bai yi wata huɗu ba hayaƙi ya dawo. Gaskiyarta. Gyaran gangar Auzinawa na yi ta yi, kuɗi na fita, abu na ƙara lalacewa. Sai dai da na zauna na duba, abin da lissafinta ya kama shi ne gyaran lallaɓa. Gyara na gaskiya ban taɓa yi masa ba ko sau ɗaya.

Abokai a majalisa suna ta ce mini da tsohuwar zuma ake magani. Na gode, amma ƙarfe ba zuma ba ne, tsufansa ba ya ƙara masa komai. Kuma na hana kaina sa ƙauna cikin lissafin, ko da yake a bayan mashin ɗin nan na kai mahaifiyata asibiti da tsakar dare, ƙanena na riƙe da ita. Abin da na duba shi ne abin da masu ɗorin Aliero ke dubawa in an kai musu karaya: sauran jikin zai iya ɗauka? Ƙarfen jikin mashin ɗin a miƙe yake, bai taɓa faɗuwar kirki ba. Giya na shiga lafiya, takarduna cikakku ne. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: a wannan zamani, tsohon mashin mai koɗaɗɗen fenti ya fi barin mutum ya yi sallah a natse in ya ajiye shi a ƙofar masallaci.

Don haka na yanke. Ranar Asabar za a sauke inji, ina zaune a kan benci. In aka buɗe aka tarar kwanson injin ya tsage ko haƙoran giya sun tafi, har kuɗin ya doshi sulusin na sabo, na sallama shi a yadda yake, kuma zan gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke ciki. In ba haka ba, a yi shi gaba ɗaya: borin, fistin, ringi, kwanrod, gaskit, sabon soson iska. Ni da bakaniken za mu je Birnin Kebbi mu sayo kayan da idonmu. Buhu biyu na shinkafar da na ajiye za su tafi, uwargida ta amince, da sharaɗin ita za ta riƙa tuna mini ranar juye mai.

Abin da nake roƙo: masu sana'ar da ke nan, da 'yan kabu-kabun da suka taɓa sauke inji, ku faɗa mini yadda ake gane ringi da kwanrod na asali daga jabu, don kwalinsu duk iri ɗaya nake gani. Ina jiranku kafin Asabar.