Damuwa ba raunin bangaskiya ba ce

1/ Zare ne ga 'yan'uwana Kiristoci ɗalibai, musamman mu da gidajenmu suke Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. Akwai maganar da muke jin nauyin faɗa a coci: da yawanmu ba ma barci, abinci ba ya shiga, karatu ba ya zama a ka. Ranar Lahadi kuma a gaishe ka, ka ce lafiya lau.

2/ Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka yi makonni ba mai jin muryar ɗan'uwansa. A Satumban 2023 aka kwashe ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida. Ni kam har yau, in waya ta yi ƙara bayan goma na dare, sai gabana ya faɗi kafin in duba sunan.

3/ Mamana tana Ƙaura. Duk ranar da ta hau hanyar Shinkafi, jikina ne kawai a lacca, hankalina yana kan titi sai ta kira ta ce ta sauka.

4/ In ka faɗi wannan, wani zai ce ƙara addu'a, bangaskiyarka ce ta yi sanyi. Da zuciya ɗaya yake faɗa, na sani. Amma ya ɗora maka kaya biyu ke nan: ga tsoro, ga jin kai mai laifi ne a gaban Allah.

5/ Ku buɗe 1 Sarakuna sura 19. Iliya fa, annabin da ya gama da annabawan Ba'al a Dutsen Karmel, shi ne ya gudu jeji, ya zauna gindin itace yana roƙon mutuwa. Allah bai tsawata masa ba. Mala'ika ya aiko da abinci da ruwa, ya ci, ya sake kwanciya, aka kuma tashe shi ya ƙara ci.

6/ Sai daga baya aka yi magana a Horeb. Iliya yana ganin shi kaɗai ya rage, Allah ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma haɗa shi da Elisha. Aka ba shi abinci da barci da abokin tafiya.

7/ Zabura 88 kuka ce tun farko har ƙarshe, ba ta rufe da murna ba, kuma an bar ta cikin Littafi Mai Tsarki. A Gatsemani ma, Yesu da kansa ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yahaya nauyin da ke ransa, ya ce su zauna da shi. To ni wane ne da zan ɓoye nawa?

8/ Abin da ke taimakona: na daina duba labarin hare-hare in dare ya yi. Mun tsayar da lokacin waya da Mama, kullum da yamma. Ina da mutum ɗaya a zumuntar ɗalibai da nake gaya wa gaskiya. Ranar da addu'a ta ƙi fitowa, in karanta Zabura ɗaya da murya, ta tsaya mini.

9/ In ka haura mako biyu cikin baƙin ciki, ba barci, ba sha'awar komai, je asibiti. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, jihar Sakkwato, kuma zuwa can ba ya nufin hauka.

10/ In kuwa har tunanin kashe kanka yana zuwa maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Gaya wa fasto, ko mai ɗakinku, ko wani babba a gida, yau ɗin nan.

11/ Abokan karatunmu Musulmi ma hanyar nan iyayensu suke bi, tsoron ɗaya ne. In ka ga na kusa da kai ya yi shiru kwana biyu, kada ka fara da wa'azi. Tambaye shi ko ya ci abinci, ka zauna tare da shi. Ubangiji ya riƙe mu.