Gurun da Babu Laya a Cikinsa

Ni baduku ne ɗan baduku, mutumin Maraɗi. Na sauka Libreville a 1989 da basilla biyu da wuƙa da ƙunshin fatun jar akuya, na kama rumfa kusa da kasuwar Mont-Bouët, kuma har yau ina nan. A shekarun farko aiki ba ya yankewa: kube, alabe, gafaka, takalma, ga tumtum da Turawa ke saye su tafi da shi gida. Daga baya kayan roba na ƙasar Sin suka cika kasuwa. Bel ɗin da zan kwana biyu a kansa, ga irinsa can a rataye kuɗinsa bai kai na fatar da zan yanka ba. Na koma gyaran takalmi da sa wa jaka zif.

Abin da ya fi wannan ci mini rai shi ne ɗan autana. A nan aka haife shi, bakinsa ya fi sabawa da Faransanci, kuma tun yana lekol ya gaya mini shi ba zai riƙe basilla ba, wai sana'ar wari gare ta. Ban yi masa faɗa ba, amma maganar ta zauna mini.

Shi ne kuwa ran nan ya shigo rumfa da wani abokinsa ɗan Gabon. Yaron ya miƙo mini waya, ga hoton wani mutum cikin riga mai kama da alkyabba, ya yi ɗamara da fata mai fāɗi, an jera mata 'yan jakunkuna. Na ce, "Wannan ai guru ne." Ɗana ya yi dariya ya ce, "Baba, ba guru ba ne, kayan fim ne." Wai akwai samari da 'yan mata da ke ɗinka tufafin mutanen fim su sa, su taru a ɗauki hoto, har a zaɓi gwani. Fim ɗin sunansa Star Wars, labarin yaƙi ne tsakanin taurari, wanda George Lucas ya fitar a Amurka a 1977. Da suka nuna mini wani yanki na ga rairayi da gidajen ƙasa, na ce wannan ba tauraro ba ne, hamada ce. Ashe a Tunisiya aka ɗauka, har sunan duniyar cikin labarin daga garin Tataouine aka samo shi.

Na karɓi aikin da murna, na ce yau yaron nan zai ga abin da ubansa ya iya. Na ciro jar fatar da nake ɓoyo, rinin karan dafi, irin wadda ayari ke ƙetare hamada da ita tun zamanin kakanni, Turawa su saya a arewa su kira ta fatar Maroko alhali akuyar Sakkwato da Maraɗi ce. Na yi mata zayyana, na bi gefe da kore, na sa tuntu a bakin kowace jaka. Kwana shida. Da yaron ya zo ya juya ta, ya sake juyawa, ya yaba ƙwarai, sa'an nan ya ce ba ita ba ce. Shi tsohuwa yake so, mai duhu, wadda ta sha rana da zufa, ba ado ko ɗaya. Wallahi da ba don ɗana na tsaye ba da na kore shi. Shekara arba'in ina koyon yadda fata za ta yi ƙyalli, yau ga mai biyana in ɓata ta!

Da daddare ɗana ya zauna ya yi mini bayani. Ya ce mai fim ɗin da gangan ya so komai ya fito kamar an daɗe ana amfani da shi, jirgi da ƙura, riga da datti, don mai kallo ya yarda mutane ne ke zaune a wurin. Wanda ya tsara tufafin, John Mollo, Bature ne masanin kayan sojan dā, har ya sami lambar Oscar a kan aikin. Na yi shiru, don na tuna kuben wuƙar mahaifina. Bai taɓa yin kyau ba kamar bayan ya shekara ashirin a ƙugu.

Sai muka sake, mu biyu. Fatar akuya ta yi laushi ga irin wannan ɗamara, kirgi take so, kuma jimar bagaruwa, don fatar kamfani da aka jeme da sinadari ko ka jiƙa ta ba ta riƙe siffa. Ɗana ya auna komai daga hoto, ya zana a kwali. Wani kafinta ya yanko mana guntayen katakon okume daidai cikin kowace jaka. Na jiƙa kirgin har ya yi laushi, na ja shi a kan katakon, na danne kusurwa da ƙashi, na kafe da ƙananan ƙusoshi, muka bar shi ya bushe. A Maraɗi wuni ɗaya ya isa. A nan, da ruwan da ba ya ɗaukewa, sai da muka kwana huɗu, kuma ta farko fumfuna ta cinye ta saboda na shafa mata man gyaɗa kamar yadda muke yi a gida. Kakin zuma ya fi dacewa da garin nan, duk mai ajiye fata a Libreville ya riƙe wannan. Duhun kuwa kuloko ne: tsofaffin ƙusoshi a ruwan tsami, a tsarma shi, a shafa sama-sama, ƙarfen ya haɗu da bagaruwar da ke jikin fatar ta yi baƙi-baƙi. Daga nan na goge gefuna da yashi, na lanƙwasa murfi sau ɗari kamar hannu ya saba buɗe shi.

Tana rataye tana shan iska wani maƙwabcina ɗan kasuwa ya shigo, ya ja ni gefe ya tambaya a hankali ko maganin ƙarfe ne a ciki, ya taya ninki uku na abin da yaron zai biya. Kuɗin haya na kaina a lokacin, kuma da na ɗinke bakin jakunkunan da takarda a ciki ba mai sani. Na buɗe masa su ɗaya bayan ɗaya ya ga wayam. Har yau yana ganin rowa na yi masa.

Yaron ya biya bai nemi ragi ba, ya kuma turo abokansa. Zuwa yanzu mun yi tara, har da wata doguwa ta ratayawa a kafaɗa. Ba ta mai da ni attajiri ba, gyaran takalmi ne dai ke ciyar da gida. Amma ɗana ne ke yankan kwali da huda, kuma makon jiya na ji shi yana gaya wa wani yaro cikin Faransanci cewa wannan abu sunansa basilla, ba shi da wani suna.

Kirgin da nake da shi ya kusa ƙarewa. In akwai ɗan'uwa mai shirin zuwa Maraɗi ko Kano bayan salla, don Allah ya biyo ta rumfa kafin ya tashi, ina da saƙon kirgi biyu jimar bagaruwa da ƙullin karan dafi.