Kek Ɗin Da Ya Kusa Ba Ni Kunya Ranar Walima

 Idan kina cikin matan da suka taɓa kwaɓa kek sau ɗaya ya ƙi, har suka rantse ba za su ƙara ɓarnar ƙwai ba, to matso mu zauna, domin ni ma na taɓa shiga sahunku. Tawa ma ta fi taku muni, don da kuɗin mutane na yi.

A watan Janairun 2019 ne 'yan mata 14 na ajina suka sauke Alƙur'ani a Islamiyyar da nake koyarwa. Iyaye suka yi karo-karo don walima, mu kuma malamai mata muka zauna rabon aiki: wannan ta ɗauki zoɓo, waccan cincin, wata dambun nama. Da aka zo kan kek aka ce a bayar a yi a waje, sai na yi caraf na ce a bar mini, kuɗin aikin a ƙara a kan kyautar yara. Ko sau ɗaya fa ban taɓa yin kek ba. Gani nake macen da ta shekara goma tana tuƙa tuwon gida, ga kuma takardar NCE a akwati, ai fulawa da ƙwai ba za su gagare ta ba.

Walima ranar Asabar ce. Daren Alhamis na sauke rabin kayan na kwaɓe su gaba ɗaya. Sanyin hunturu ya daskarar da bota, sai na ɗora ta a wuta ta narke kamar man gyaɗa. Fulawa da ido na zuba, yadda nake zuba garin tuwo. Bakin hoda kuwa na yi ta tula shi da babban cokali, wai don kek ya tashi sosai. Na hura gawayi ya yi ja zur, na ɗora tukunya, kuma duk bayan minti biyu sai na ɗaga murfi na leƙa. 'Yar'uwa, abin da ya fito ba ya faɗuwa: ƙasa baƙi ƙirin, tsakiya ta lotsa ta yi caɓal, ga wani ɗaci-ɗaci a harshe. Maigidana ya gutsura, ya tauna, ya ce, "Sannu da ƙoƙari," ya nemi ruwa. A daren nan ban yi barcin kirki ba, saboda na san cikin iyayen nan akwai wadda da kuɗin ƙosan da take sayarwa ta biya nata kason.

Da gari ya waye na naɗe guda ɗaya a leda na shiga gidan wata dattijuwa maƙwabciyarmu da muke kira Goggo, wadda ta daɗe tana yin kek na sayarwa ba tare da ta taɓa mallakar obin ba. Bayan mun gaisa na miƙa mata. Ta ɓare shi, ta shinshina, sannan ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, da me kika auna?" Na ce, "Goggo, ai da ido na zuba." Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Malama guda! Shi kek ba miya ba ne da za ki ɗanɗana ki ƙara gishiri. In ya shiga wuta, magana ta ƙare. Je ki ɗauko sauran kayan, amma kaɗan za mu fara kwaɓawa."

Abin da ta koya mini a wannan safiya shi nake so ki riƙe, domin har yau ban canza shi ba. Abubuwa huɗu ne ginshiƙin kek, bota, sukari, ƙwai da fulawa, kuma nauyinsu ɗaya ake sa wa. Ki sayi bota ta leda mai giram 250, ita ce ma'auninki. Sukari giram 250, fulawa giram 250, ƙwai 5, domin ƙwai ɗaya idan aka cire ɓawo yakan kai giram 50. In ba ki da sikeli, gwangwanin madarar ruwa ƙarami ya wadatar: fulawa gwangwani 3, sukari gwangwani 2 wanda na biyun bai cika ba. Ki shafe bakin gwangwanin da wuƙa, kada ki danna fulawar, kada ki yi mata tozo. Sai bakin hoda ƙaramin cokalin shayi 2, filebo cokali 1, da madara cokalin cin abinci 2 ko 3 idan kwaɓin ya yi tauri. Wannan awo yakan ba ni ƙananan kek wajen 20.

Daga baya na gano cewa wannan awon na Goggo tsoho ne ƙwarai. A Ingila, wata mata mai suna Hannah Glasse ta kawo irinsa a littafin girkinta na 1747, inda ta ce a buga kwaɓin awa guda cur da hannu ko da babban cokalin katako. A lokacin babu bakin hoda, iskar da aka buga cikin kwaɓin ita ke tayar da irin wannan kek. Sai a 1843 wani mai haɗa magunguna a birnin Birmingham, Alfred Bird, ya haɗa bakin hoda saboda matarsa da yis ba ya karɓar jikinta. Ina fata iyayen gidanmu za su karanta wannan wurin.

To ko da bakin hoda ya rage mana wahala, bugun bota da sukari yana nan daram, kuma a nan na fara yin kuskure. Bota mai laushi ake so, wadda yatsa zai lotsa, ba narkakkiya ba. Yayin da kike juya ta da sukari, ƙwayoyin sukarin suna huda ta suna cusa mata iska, wannan iskar ce ke kumbura idan ta ji zafi. Narkakkiyar bota ba ta riƙe iska, shi ya sa nawa ya fito da nauyi kamar dutsen guga. Idan lokacin sanyi ne, ki ajiye ledar a rana na ɗan lokaci ko kusa da murhu. Idan bazara ce kuma, ki yi kwaɓinki da sassafe. Ki sa muciya ki yi ta bugawa minti 15 zuwa 20, har launin ya koma fari-fari, kwaɓin ya yi sakayau. Hannu zai gaji, ba na ɓoye miki, a nan ne 'yan matan gida ke da rana.

Ƙwai kuwa ɗaya bayan ɗaya ake sa shi, kina bugawa sai ya ɓace kafin ki ƙara wani. Ki riƙa fasa kowanne a ƙaramin kofi tukuna, don ɓaragurbi guda ya isa ya jawo miki asarar kwano duka. Bayan nan ki tankaɗe fulawa tare da bakin hoda, ki zuba ta kashi uku, kina juyawa a hankali daga ƙasa zuwa sama. Da zarar kin daina ganin farin gari, ki ajiye muciya. Fulawa idan ta jiƙe aka cika juya ta tana yin danƙo, wanda ake nema a fanke da burodi, amma a kek tauri yake kawowa.

Kada ki yi irin tunanina na cewa yawan bakin hoda shi ne yawan tashi. Idan ya yi yawa, kek zai yi wuf ya kumbura kafin jikinsa ya yi ƙwari, sannan ya rufta, ga ɗaci. Kuma yana mutuwa idan ya daɗe a buɗe. Ki zuba rabin cokali a ruwan zafi: idan ya yi kumfa nan take yana da rai, idan ya kwanta shiru ki sayi sabo. Ki duba rubutun jikin gwangwanin da kyau, domin bakin soda daban ne, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma wasu masu shago kan miƙo wannan a madadin wancan.

Saura wuta, wadda ita ce ta fi cinye mini kaya. Mai obin ta kunna shi minti 10 kafin ta sa kek, a kan digiri 180. Mu masu tukunya kuwa, ki sami babba mai kaurin gindi wadda ba ta da hannun roba, ki zuba wankakken yashi busasshe kaurin yatsu biyu, ki rufe ya yi zafi. Ki ɗora ƙaramar waya ko tsohon murfin tukunya a kan yashin, don kada gwangwanaye su zauna kai tsaye a kan zafi. Garwashi kaɗan a ƙasa, sannan ki ɗora wani a kan murfi, shi ne zai sa saman kek ya yi ja. Ga yadda Goggo ke gwada wutarta: takan barbaɗa 'yar fulawa a gwangwani ta sa a ciki. Idan ta yi ja-ja cikin minti biyar, wuta ta yi daidai. Idan ta yi baƙi kafin nan, sai ta rage garwashi. A tsakar gida za ki yi wannan aiki, kada ki shige ɗaki da gawayi ki rufe ƙofa saboda sanyi, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Ki shafa bota a gwangwani, ki barbaɗa fulawa, ki zuba kwaɓi ya ɗan wuce rabi kawai. Daga nan sai haƙuri. Ƙananan kek sukan ɗauki minti 20 zuwa 25, babba kuwa minti 45 zuwa awa ɗaya. Kada ki buɗe kafin minti 15 a ƙanana, ko rabin awa a babba, saboda iska mai sanyi tana shiga tsakiyar za ta faɗa. Ranar da muke yi sai da Goggo ta buge mini hannu sau biyu. Idan ƙamshi ya cika gida, ki soka tsinke mai tsafta a tsakiya. In ya fito ba kwaɓi a jikinsa, ya gasu. Ki bar shi minti 10 kafin ki juye, kuma kada ki ƙulla a leda sai ya huce sarai, in ba haka ba zai yi gumi ya lalace da wuri.

Kwaɓin farko da muka yi tare, na ɓare guda ɗaya ina jin tururinsa a fuskata, ban san lokacin da ƙwalla ta zubo mini ba. Da hantsi na shiga kasuwa na sake sayen kayan da na ɓata da kuɗin albashina, na kuma je na faɗa wa shugabar makarantarmu abin da ya faru, don kada lissafi ya zo a ga giɓi. Tukunya biyu muka kafa bayan la'asar, muna kwaɓa leda ɗaya-ɗaya, ba mu tashi ba sai wajen ƙarfe ɗaya na dare, da kek 150 a cikin kwali. Ranar Asabar kowace yarinya ta koma gida da nata a hannu, har wata uwa ta tare ni a ƙofa tana tambayar a ina aka ba da kwangilar.

Wancan na daren Alhamis kuwa kajin Goggo na zuba wa, su ma sai da suka kwana biyu suna zagaye shi kafin su taɓa.