Wayar salula ba ta ɗaukar asara

Ni malamin makaranta ne, amma kuɗin albasa ne suka yi mini karatu. Gidanmu a Galmi yake, cikin jihar Tawa, bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram. Albasarmu mai ruwan shunayya ta yi suna har Abijan da Kumasi. Mahaifinmu ya shekara da shekaru yana aika kaya Ankara, babban birnin Gana, wurin wani dattijo mai masauki. Shi ke sauke kayan, ya nemo masu saye, ya riƙe kuɗi. A wancan zamani wasiƙa ake bai wa direba, kuɗin ma a hannun direba suke dawowa bayan makonni.

Da Baba ya rasu, yayana ya gaji sana'ar tare da mai masaukin. Sai salula ta zo. Yanzu kafin a yi lodi an san farashin Ankara ta saƙon murya na WhatsApp. Direba na turo hoton inda ya kwana. Kuɗi kuma ta kamfanonin aika kuɗi suke isowa a yini guda. Ga kayan da ke ruɓewa, kwana ɗaya da aka rage a hanya riba ce.

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na shiga wani zauren WhatsApp na ƴan albasa, na ga wani yana tayi sama da na dattijon. Na ce wa yayana: "Yaya, zamani ya canza, don me za mu ɗaure kanmu ga mutum ɗaya?" Ya yi shiru, sannan ya ce: "Kai ne mai ilimi." Muka aika wa baƙon rabin mota. Da kaya suka isa, sai ya turo hoton ruɓaɓɓiyar albasa, ya ce tamu ce. Ya biya abin da ya ga dama, daga baya lambarsa ta daina shiga. Ba mu san gidansa ba, ba mu san wanda zai yi masa magana ya ji ba.

Dattijon ya ji labari, bai ce komai ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakar Benin. Motar yayana ta maƙale a Gaya, ɗauke da albasar da aka adana cikin rudu tun girbin bazara, ga damina ta sauka. Kullum direba na turo bidiyo, muna kallon buhuna na jiƙewa. Wayar ta nuna mana asarar ƙarara, amma ba ta rage mana ko dala ba. Dattijon ne ya kira ya ce: "Ɗana, sayar da ita nan inda take, ko nawa aka taya. Kuɗin da na ba ka tun kafin lodi, mu raba asarar biyu. Ni da mahaifinka haka muke yi." Wannan maganar ce ta hana yayana karyewa.

Tun daga nan na canza yadda nake koyar da lissafin riba da faɗuwa. Bayan yara sun cire kuɗin mota, na lebura da na duwan, sai in tambaye su: idan kashi ɗaya cikin huɗu ya ruɓe a hanya, wa zai ɗauka? Wane ne shaida? Me aka rubuta kafin mota ta tashi? Aji yakan kaure da gardama, ni kuwa abin da nake so ke nan.

Iyaye, mu saya wa yara waya in da hali, su iya aiki da ita, don kasuwar gobe ba ta yiwuwa sai da ita. Amma mu riƙa tafiya da su gaisuwa wurin abokan hulɗarmu, su ga fuska, su san ƙofar gida, su ga yadda ake biyan bashi ranar da aka yi alkawari. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Bana in an yi hutun makaranta, yayana zai tafi Ankara gaida dattijon, kuma na roƙe shi ya tafi da ɗana.