Motar da ke jiran wuta

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 nake lissafin kowace fita, har dai na tattara abin da nake da shi na sayi Hyundai Kona mai lantarki, ta hannu. Na ɗauka na yi sallama da layin gidan mai, ashe wani jiran na saya.

Batirinta yana cin kilowat-awa 64. Soket na gida kuwa kilowat 2 da ɗoriya yake bayarwa, wato kafin ta cika daga ƙasa sai an shafe kusan awa 28 wuta ba ta ƙifta ba. A unguwarmu wannan sai a tatsuniya. Sai na koma lallaɓa ta kamar mai jego da jariri: da an kawo wuta, ko da biyun dare ne, in zura silifas in fita in jona ta. Maƙwabta sun daina dariya, kuma gaskiya a cikin Abuja hakan ya wadace ni, tunda da wuya in yi kilomita 40 a yini.

Ranar da aka bugo mini cewa jikin Inna ya tsananta a Zariya, batirin yana kashi 30 cikin ɗari, tafiyar kuma ta haura kilomita 250. Na garzaya wurin cajin gaggawa, inda cikin awa guda ake kai ta kashi 80. Na'ura ɗaya ce ke aiki, motoci uku na gabana.

Na duba agogo. Na damƙa wa maigadin wurin makulli, na tare ɗan acaɓa, na nufi tasha.