Bindigar Gado a Maƙera

Jama'a, maƙeran Damagaram sun daɗe da sanin bindiga. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa. A zamaninsa an ƙera igwa, an haɗa albarushi a nan birnin Zinder. Har yau akwai gidajen da ke ajiye da bindigar toka ta kakanni.

Wani tsohon maƙeri yana zaune a unguwar Birni. In an kawo masa irin wannan bindiga, ba ya gaggawa. Sai ya zura sanda cikin bakinta, ya fitar, ya gwada tsawon a waje. In sanda ba ta kai ƙarshe ba, akwai ɗuri a ciki. Albarushi ba ya mutuwa don tsufa. Ya shekara 50, in ya ji wuta zai tashi. Masu bindiga kan rantse cewa babu kome a ciki. Shi ba ya karɓar rantsuwa, sandarsa yake tambaya.

Yawanci abin da ya lalace shi ne ɗan ƙarfen da ƙanƙara ke bugu. Ya cinye, ba ya ba da tartsatsi. Tsohon yakan cire shi, ya goge tsatsa. Ya daka ƙonannen ƙashi da ƙaho da gawayin tsohuwar fata, ya binne ƙarfen ciki a ƴar tukunya, ya liƙe baki da yumɓu. Tukunya ta shiga gawayin ƙirya, yaro yana zuga, ta yi ja wur har awa 2 ko 3. Baƙin gawayin nan yana ratsa bayan ƙarfen kaɗan kaɗan. Daga nan sai ya kori yara, ya kau da fuska, ya juye cikin ruwan sanyi.

Ƙarfen yakan fito da shuɗi da ruwan ƙasa, kamar wuyan tantabara. Masu bindiga launin suke yabo. Shi kuwa magagari yake ɗauka. In magagari ya zame bai ci ba, aiki ya yi: baya ya yi tauri, ciki yana da taushi, ba zai karye ba.

Abu ɗaya ne ba ya yi ko nawa za a ba shi. Ba ya sa bututun bindiga a wannan wuta. Bututun da ya yi tauri tsagewa yake yi, kuma a gaban fuskar maharbi yake tsagewa. Wanda tsatsa ta rarake, yakan ce a kai shi gida a rataye.